Ɗan Watan Mirrihu da Rumbun Baffa

Jikata ce ta tayar mini da wannan tsohon zance, ba da saninta ba. Ina zaune bayan la'asar ina tsintar shinkafa a faifai, ta zo ta durƙusa ta kara mini waya a fuska, wai in ga abin da aka koya musu a makaranta. Na gyara tabarau na duba. Wani dunƙulen dutse ne mai ruwan toka, kamar dankalin da aka manta cikin murhu, da wawakeken rami a gefe guda. Ta ce, "Hajiya, wannan wata ne, amma ba namu ba, na wata duniya ce ja." Na ce mata mu Mirrihu muka san ta. Ta ce ai har musu masana suka taɓa yi a kansa, wasu na cewa holoƙo ne, babu kome a cikinsa, ƙera shi aka yi. Ban san sa'ad da dariya ta kuɓuce mini ba, har shinkafa ta zube a zanena. Na ce, "'Yar nan, ai da ni aka yi wannan musu." Ta dube ni irin kallon da ake yi wa wanda tsufa ya fara taɓawa.

Gusau ɗin da na buɗe ido a cikinta gari ne da ake saninsa da kunne. Da asuba kiran salla, ba lasifika, muryar ladan tsirara tana ratsa unguwa. Bayan ta sai taɓare su ɗauka, gida gida, wannan ta buga waccan ta amsa, har ka iya cewa ga luguden wance, ga na wance mai jego da hannunta bai gama ƙwari ba. Can da hantsi jirgin ƙasa ya yi kuka, jakan auduga da na gyaɗa su biyo hanya, masu su na yi musu tsawa. Innata takan ce gida ba ya ɓoye wa maƙwabci kome, domin turmi ɗan tsegumi ne. Yanzu kuwa inji ke niƙa, janareta ke kuka, kowa ya ja ƙofar ƙarfe ya rufe. Na kan zauna in kasa kunne in ji unguwa, sai in ji ƙara dai, amma ban ji kowa ba.

Babana akawu ne a wani ofishi na awon amfanin gona. Mutum ne mai son sani, har ya yi yawa. Shi ya kafe sai na yi karatun boko a lokacin da 'yan matan unguwarmu masu zuwa ba su da yawa, kuma shi ya tsaya har na kai sakandare daga baya. Yana da akwatin rediyo mai batir kamar tubali, wanda Inna ta ɗinka wa riga don ƙura, yana kuma kwaso tsofaffin jaridun Turanci daga ofis ya karanta har tallar sabulu. Wansa, wanda muke kira Baffa, shi ya zauna a gidan gado a Karakkai, wajen Bunguɗu, yana noma. Baffa dogo ne, mai kaurin murya, mai karatun allo da littattafai daidai gwargwado, kuma shi ya riƙe Baba bayan rasuwar mahaifinsu, ya ciyar da shi da gumin gonarsa har ya zama akawu. Don haka Baba ba ya zama a tabarma ɗaya da shi sai ya ɗan zame gefe. Amma musu fa, suna yin sa kamar sa'o'in juna. Ni kuwa sunan mahaifiyarsu aka sa mini, saboda haka dukansu biyu Uwata suke ce mini, kuma wannan suna ya ba ni izinin zama kusa da su a inda sauran yara ba su isa ba.

A shekarun da ake ta shirin karɓar mulkin kai ne, bayan an gama mamakin ɗan ƙarfen nan da aka harba sama yana kewaya duniya. Farkon damina Baffa ya shigo Gusau gyaran garma, ya sauka a gidanmu. Na kai musu fura zaure na tarar Baba ya baje jarida a cinya, idonsa na ƙyalli.

"Yaya, ka san jar tauraruwar nan, Mirrihu? To ashe duniya ce, har da 'yan watanninta biyu ƙanana. Wani masani a ƙasar Rasha ya yi lissafi ya ce ɗayan holoƙo ne, kamar gwangwani. Kuma in holoƙo ne, to ƙera shi aka yi."

Baffa ya sauke ludayi a hankali. "Mi kac ce, Akawu? Wata da maƙeri? Wace maƙera ce wagga, ina anka samo gawayi?"

"Ba wasa nake ba, Yaya. Wasu halittu ne a can, in ji shi. Ko da su suka ƙera, ai Allah Ya halicce su."

"Wannan kam ba ni musu. Amma shi wanga mutum naka, ya hau ya leƙa?"

"Bai hau ba."

"Ya ƙwanƙwasa?"

"Yaya, wa zai ƙwanƙwasa wata? Daga tafiyarsa ya gane. Ka jefa ƙwarya da dutse a gulbi, tafiyarsu ɗaya ce? In jakai biyu suka taho daga kasuwa, ɗaya da kaya ɗaya wayam, sai ka kwance mangala kafin ka san mai kaya?"

"Jaki dai na san uwatai, na san ubanai. Wanga wata wa yas san ubanai?" Baffa ya juyo gare ni. "Uwata, ke da ke zuwa boko, duma da Allah Ya yi da kogo cikinai, wane maƙeri yash shiga ciki?"

Na rufe baki da mayafi ina dariya. A nan kowa ya kafa tutarsa. Baba ya ce ana sanin cikin abu daga waje, ta tafiyarsa ko ta ƙararsa. Baffa ya ce ba a sanin cikin abu sai an buɗe, kuma wata dutse ne har sai an kawo masa ɓallinsa a hannu. Suka yi ta yi har furar ta tsinke, Inna na leƙowa daga bayan labule tana girgiza kai. Daga ranar duk wanda zai tafi Bunguɗu sai Baba ya ba shi saƙon wata sabuwar hujja, shi ma Baffa ya aiko da tasa tare da gaisuwa. Har mai lodin motar Bunguɗu ya san zancen, in ya ga Baba sai ya ce, "Malam, yaya watanmu, an buɗe shi?"

Da aka ba mu hutun tsakiyar damina Inna ta raka ni Karakkai, kamar yadda aka saba, in taya matar Baffa aiki. Iya muke ce mata, mace mai kunya, ba ta ɗaga murya ko a kan akuya. Wanda bai yi zaman ƙauye ba bai san wannan lokaci ba. Gona ta yi kore shar, gero ya yi ciki bai nuna ba, ido na ƙoshi ciki na jira. Lokacin ne ake sanin magidanci, kuma lokacin ne rumbu ke zama sirri. A ƙofar gidan Baffa, tsakanin zaure da wata ceɗiya da maza ke zama a ƙarƙashinta, akwai babban rumbun ƙasa, ruhewa muke ce masa, a ɗore bisa duwatsu, da hular jinka a kansa. Maigida kaɗai ke hawa ya buɗe, ya fito da damin da za a sussuka, ya mayar ya rufe. Matarsa ba ta leƙawa. Baƙo ba ya tambaya. Yaro in ya jingina da shi sai an kore shi, balle ya doke shi da kara. Tun muna ƙanana ake gaya mana: rumbun mutum cikinsa ne, ba a ƙwanƙwasa cikin mutum a ji abin da ya ci.

A shekarar nan rumbun ya sha sabuwar jinka, ya yi kyau kamar ango. Amma babu kome a cikinsa. Tsohuwar jinkar ta yi yoyo tun ruwan farko ba a lura ba, dawa ta jiƙe ta ruɓe, gara ta biyo ta ƙasa ta gama da saura. Baffa ya cinye ƙaramin rumbun cikin gida yana taƙama da babban, ranar da ya hau ya buɗe sai ya tarar da baƙin gari da ɗoyi. Ya kwashe a ɓoye ya kai bayan gona, ya sa aka yi sabuwar jinka, ya rufe, bai gaya wa kowa ba sai Iya. Mutumin da ya ciyar da ƙanensa har ya girma, mutumin da unguwa ke zuwa aron iri a wurinsa, ya gwammace ya ɗaure ciki da rawani da a ji cewa gidansa ya rasa tuwo, kuma a cikin duk duniya wanda ya fi ƙin ya ji shi ne Baba.

Inna ta gane tun safiyar farko, ba wanda ya gaya mata. Muna kwance a ɗaki muka ji Iya ta fara daka, sai na ga Inna ta tashi zaune ta karkata kai. Taɓarya in ta faɗa kan hatsi tana da wani nauyi, tana nutsewa. Wannan kuwa tsalle take yi. Inna ta fita, na bi ta. Ƙaiƙayi ne a turmin, da 'yar tsabar da ba ta cika tafi ba. Iya na dakan ƙaiƙayi ne don maƙwabta su ji gidan ya tashi da daka kamar kullum.

Matan biyu suka tsaya suna kallon turmi, ba mai kallon wata. Can Iya ta ce, ƙasa ƙasa, "Don girman Allah, amana. In ƙanenai yaj ji daga bakinki, maigidana ba shi ƙara haɗa ido da shi. Ni kuma ba ni da sauran zama."

Inna ta karɓi taɓaryar daga hannunta ta ce, "Kawo in taya ki, hannu biyu ya fi ƙara." Suka yi lugude a kan ƙaiƙayi, har da tafi, kamar gidan biki. Ban taɓa jin lugude mai daɗi da ban tausayi kamar wannan ba. Da za ta koma Gusau Inna ta ja ni gefe ta ce, "Abin da kika gani, idonki ne ya gani, ba bakinki ba."

Haka na zauna. Mukan shiga bayan gari da Iya mu tsinko tafasa da rama, a yi kwaɗo da ɗan ƙuli, a dama kunu tsararo wanda kana iya ganin fuskarka a ciki. Baffa yakan ɗanɗana ya ture mini kwanon ya ce, "Ci, Uwata, ni na biya gidan liman na cika ciki," alhali na ga inda ya fito, daga gona ya fito. Ban ji yunwa can can ba, gaskiya, domin duk abin da aka samu ni ake turo wa. Abin da na ji shi ne nauyi. Inna kuma, kamar yadda ta ba ni labari daga baya, tana can tana neman hanyar da za ta sanar da Baba ba tare da ta ci amana ba. Tana da gonar gado a 'Yandoto, wajen Tsafe, 'yan'uwanta ke noma mata suna ajiye mata rabonta, hatsi kam akwai. Hanyar shigar da shi gidan wan miji ce babu. Takan ce, "Malam, na ga Yaya ya faɗa." Baba ya ce, "Noma ne, kowace damina haka yake." Ta ce, "Tafiyarsa ma ta sake." Ya ce, "Kin ga, tafiya! Abin da nake gaya masa ke nan game da watan nan." Inna ta ce a ranar ta yi niyyar jefa rediyon a rijiya. Mutum na karanta tafiyar watan da ba a ganinsa da ido, bai karanta ta wansa ba.

Ranar da Baba ya zo ɗaukata Juma'a ce. Bayan an sauko masallaci mazan unguwa suka taru a gindin ceɗiya, domin akawu ya zo daga birni, kuma kowa ya ji labarin musun. Akwai liman, tsoho mai farin gemu da ba ya ji sosai da kunne ɗaya, akwai maƙwabta, akwai masu wucewa da suka tsaya da fartanya a kafaɗa. Aka aike ni da ƙwaryar ruwa. Na tarar zance ya yi zafi, Baba a tsaye da lemarsa a naɗe a hannu yana nuni da ita, jama'a sun rabu biyu suna dariya.

"Yaya ya ce ba a sanin cikin abu sai an buɗe," in ji Baba. "To ku zama shaida." Akwai wani tulu a jingine da zaure, ba ruwa a ciki. Ya ƙwanƙwasa shi da ƙotar lema, tulu ya yi ƙara ƙwal. "Kun ji fanko. Na buɗe shi? Ban buɗe ba. Yanzu ku ji cikakke."

Ya juya ya nufi rumbu.

Baba ya san al'ada sarai, a gidan aka haife shi. Amma zaman birni da daɗin musu sun ɗauke shi, kuma a ransa yabon wansa zai yi, zai nuna wa duniya rumbun da ya cika har wuya. Na so in yi magana, amana ta riƙe mini harshe. Na ga Baffa ya ɗaga hannu rabi, ya kasa ƙarasawa. Lema ta sauka a cikin rumbun.

Ya amsa kamar ganga. Wata doguwar ƙara mai zurfi, ta shiga ciki ta kewaya ta dawo, babu abin da ya tare ta. Duk wanda ke wurin manomi ne, babu wanda bai san abin da ya ji ba, har liman da kunnensa ɗaya. Dariya ta ɗauke. Carbin Baffa ya tsaya a tsakanin yatsunsa, ya sunkuyar da kai yana kallon ƙafafunsa. Na dubi Baba, na ga ya dubi rumbu, ya dubi sabuwar jinka, sannan ya dubi wuyan wansa da ya zurma cikin riga, kamar yau ya fara ganinsa.

Sai Baba ya tuntsire da dariya, ya jefar da lemar a ƙasa.

"Kun ji abin kunya? Rumbun da na san an danƙare shi da dawa, ga shi yana yi mini kukan fanko! Ashe ginin ƙasa in ya sha damina haka yake ruɗin kunne. Yaya, ka kayar da ni. In rumbun da ke gabana, na taɓa shi da hannuna, ya ruɗe ni, ina ga watan da ke wata duniya? Ba a sanin cikin abu sai an buɗe. Na janye, a gaban jama'a."

Liman ne ya fara ɗagowa. Ya shafa gemu ya ce, "Awo. Nawa ma haka shika yi in ruwa ya yi yawa."

"Nawa ma," in ji wani maƙwabci. "Shekaranjiya akuya ta tunkuye shi, sai da nir razana."

"Ai laka ce, ba ta da amana," in ji na uku. Nan da nan kowa ya sami rumbun da ya taɓa yi masa ƙarya, har ana katse juna. Wani ya fara tsokanar Baba, wai akawun da tulu ya ba gaskiya rumbu ya ƙwace. Baffa ya ɗago kai a hankali. Idonsa ya kaɗa, amma muryarsa ta fito da kaurinta. "Na dai hwaɗa maka, Akawu. Kunnen ofis ba shi jin ƙasa."

"Na ji, Yaya. Na tuba."

A motar komawa Gusau lemar Baba na tsakanin gwiwoyinsa yana ta murza ƙotarta. Sai da muka hango hayaƙin gari ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Uwata, tun yaushe?" Na ce an ba ni amana. Ya gyaɗa kai ya ce, "Ki riƙe ta. Na riga na ji da kunnena." Da muka isa gida ya tsaya a bakin madafa, inda ba ya zuwa, ya ce wa Inna, "Kin ce tafiyarsa ta sake." Inna ba ta ce na gaya maka ba. Ta ci gaba da tuƙa tuwonta ta ce, "Malam, an aiko mini daga 'Yandoto, wai rumbun da ake ajiye mini hatsi ya fara yoyo. Ga mu a gidan haya, ba mu da rumbu. Ban san inda zan kai shi ba." Baba ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce, "Allah Ya yi miki albarka." Na tambaye ta daga baya ko rumbun ya yi yoyo da gaske, ko kuma mutanen gindin ceɗiya ba su yi ƙarya ba ranar Juma'a, da liman a cikinsu. Ta ce babu rumbun da ba ya ɗan yoyo da damina in an duba da kyau, sauran kuma in bar wa Allah, Shi Ya san maganar da aka yi don ɓata mutum da wadda aka yi don rufa masa asiri.

Da ni aka je 'Yandoto ɗauko hatsin. Ina tuna duwatsun Kwatarkwashi a jiƙe suna sheƙi, hazo na zaune a kansu, ni kuma ina bisa buhuna a bayan mota ina jin ƙamshin tsohuwar dawa. Daga Bunguɗu aka ɗora wa jakai. Baba bai kai shi a ɓoye ba. Da hantsi ya shiga Karakkai, kowa na gani, ya durƙusa a gaban wansa a gindin ceɗiyar nan ya ce, da ƙarfi yadda za a ji, "Yaya, alfarma muka zo nema. Hatsin mai ɗakina ne, wurin ajiyarsa ya lalace. A taimaka a matsa mana wuri. Sai dai tsoho ne, in ba a riƙa taɓa shi ba ƙwari za su riga mu, don Allah a riƙa ci."

Baffa ya dubi jakan, ya dubi sama kamar mai lissafi. "Wurin ya matse," in ji shi. "Amma ku kawo, mu gani in da hali." Shi kaɗai ya hau, shi kaɗai ya buɗe, ana miƙa masa yana jerawa. Maƙwabta na wucewa suna cewa, "Sannu da ɗawainiyar 'yan birni, Malam." Washegari da asuba na ji taɓaryar Iya ta nutse.

Da kaka ta yi, Allah Ya ba da amfani mai albarka. Muka je gaba ɗayanmu, aka ci tumu har haƙora suka gaji. Baffa ya mayar wa Inna hatsinta da sabo, har da ƙari, ya ce ladan haƙurin ajiya ne, ko da yake shi ya ajiye. Da yamma Baba da Baffa suna zaune su biyu, ina gefe ina ɓare gyaɗa, sai Baffa ya miƙa hannu ya ce, "Ba ni lemar taka." Ruwa ya ɗauke, amma Baba ba ya rabuwa da ita. Ya tashi ya je ya doki rumbunsa da kansa. Ƙarar ta mutu a inda ta faɗa, dum, kamar an doki ƙasa. Ya dawo ya zauna, ya miƙa wa Baba lemar. Can ya yi gyaran murya.

"Akawu, na yi tunani kan wanga wata naka. Ina ga mutumin na da gaskiya. Holoƙo ne. Ana sani daga waje."

Baba ya zabura. "A'a, Yaya! Dutse ne. Ya hau ya leƙa?"

"Jakai biyu fa?"

"Wa ya san uban watan?"

Haka suka yi musanya, kowa ya ɗauki tutar ɗan'uwansa, kuma a haka suka ci gaba da musu shekara da shekaru, a suna, a salla, a zaman makoki ma in an sami sarari. Baffa ya rasu yana kan holoƙo. Bayan rasuwarsa, ina gidan aurena, na je gaida Baba na tarar da shi da wata jarida, an aika na'ura ta ɗauko hoton watan daga kusa. Dutse ne, da ramuka. Ya daɗe yana kallo, sannan ya naɗe jaridar ya ce, "Kin gani, Uwata. Na ci musu da maganar Yaya, ga shi ba ya nan balle in mayar masa da abinsa."

Allah Ya jiƙansu duka, da Inna da Iya, da liman mai kunne ɗaya. Ba na cewa mutanen da sun fi na yanzu zuciya, masu alheri ba su ƙare ba, ina ganinsu. Sai dai yanzu in za a ba mutum mudun shinkafa sai an tsayar da shi ya riƙe buhu an ɗauki hotonsa, duniya ta gani. Rumbuna sun yi ƙaranci, gonaki da yawa ba a iya zuwa, mutanen ƙauye sun cika gari. Na gode wa Allah da Ya nuna mini ranar da unguwa guda ta ji abu da kunnenta ta ce ba ta ji ba.

Jikata ta ce, "To Hajiya, wa ya yi gaskiya a cikinsu?" Na ce mata ta bari sai ta girma ta yanke. Akwai wata baiwar Allah da ta kama ɗaki a bayan katangarmu, daga ƙauye suka taso da 'ya'yanta. Ba ta daka, ba wanda ke daka yanzu, amma kwana biyu ke nan ina jin tana kankare tukunya tun ba a ɗora ta ba. Na juye shinkafar da na tsince a kwano, na ƙara da wadda ke cikin buhu, na rufe da faifai.

Na ce, "Ɗauki ki kai mata. Ki ce ajiya ce, ɓeraye sun dame ni, kuma tsohuwa ce, a riƙa taɓawa."

Ta ɗauka ta juya.

Na ce, "Wayar kuma, bar ta nan."